Gurbin Hannu a Jikin Akwatin Gem

Akwai wani aibi da ya yawaita a tsakanin masu gyaran tsofaffin kaya, wato ɗaukar da suke yi cewa abin da ya fi ƙyalli shi ya fi ƙarko. Mutum zai gaji kujera ko ƙofa wadda ta girme shi, maimakon ya tsaya ya binciki abin da ya riƙe ta har ta kawo yau, sai ya garzaya kanti ya sayo abin da zai lulluɓe ta da shi. Ba rashin ƙauna ke kawo wannan ba, sau da yawa ma ƙaunar ce ke sa gaggawa. Rashin tambaya ne. Duk abin da ya daɗe yana da dalilin daɗewarsa, wanda kuwa bai nemi sanin dalilin ba yana iya kashe abin da hannunsa alhali yana zaton raya shi yake yi.

Abin da ya gudana tsakanin wani matashi mai shagon aski da kakarsa ta wajen uwa, a kan wani akwatin gem, wato injin wasa mai gilashin kallo, ya isa misali.

Mijin tsohuwar, Allah ya jiƙansa, kafinta ne. A tsakiyar shekarunsa ya sayi kayan cikin wani injin wasa wanda akwatinsa ya ruɓe, ya zauna ya haɗa masa sabo da katako mai nauyi, tsayinsa ya kai na mutum. Gilashin kallo yana sama, a daidai cibiya akwai ɗan dandamali mai sanda guda da madannai, ƙasa da shi kuma 'yar kafa ta jefa sulalla, da wata ƙaramar ƙofa mai makulli. Ya girke shi a bakin shagonsa, yaran unguwa suna yin dandazo a kai in an tashi daga makaranta. Shi kuwa in aiki ya yi sauƙi sai ya tsaya ta gefen hagu, ya dafa kusurwar dandamalin, yana lura kada wani ya karya sandar don zafin an cinye shi. A hankali kusurwar ta lotsa daidai faɗin tafinsa, ta yi sulɓi, ta fi sauran jikin duhu. Bayan rasuwarsa aka shigar da akwatin ɗakin tsohuwar, ya tsaya tsakanin gadonta da bango, babu mai kunna shi, babu kuma mai ikon matsar da shi.

Yanzu tsufa ya sa za ta koma wajen 'yarta, uwar mai askin, inda ɗakin da aka ware mata bai wuce gado da wurin shimfiɗa darduma ba. Kawun yaron, mutum mai son a gama magana da wuri, ya ce a wargaza akwatin a yi kantoci da katakon. Mai aski ya ce shi yana so, zai sa shi a shago masu jiran layi su riƙa ɗebe kewa. Har ya riga ya sa wani abokinsa mai gyaran talabijin ya tayar da injin. Saura jikin, wanda tsohon shafensa ya gama ɓarewa. Tsohuwa ta yarda, amma da sharaɗi guda, cewa gurbin hannun nan zai zauna yadda yake. Idanunta sun yi rauni, ta ce ita yanzu da tafi take gani. In ta dafa wurin ba ta ji shi ba, gara kawu ya zo da gudumarsa.

"Lafiya ƙalau, in ban da gwiwa," in ji ta, ranar da jikan ya shigo da wata leda tana ƙaras-ƙaras a hannunsa. "Kai kuma maigida, wane kanti ka fasa?"

"Kayan kwalliya na kawo, amarya. Ba naki ba ne, ke kin wuce gyara."

"Na wuce gyara kake sintiri a ƙofata? Madubin shagon naka na masu aski ne kaɗai, kai ba ka leƙawa?"

"Ina leƙawa. Duk sanda na leƙa hancinki nake gani a fuskata, sai in shiga ba kwastomomi haƙuri."

"Hancin nan shi ya kawo kakanka gidanmu a ƙafa. Naka wa ya taɓa kawowa? Zauna, ka tare mini haske."

Ya zauna a bakin gado ya jera gwangwanaye uku a kan ledar ɗakin. Na farko fentin mota ne ja. Na biyu banish, ruwan nan mai garai-garai wanda in ya bushe yake zama kamar an zuba wa katako gilashi. Na uku man katako ne, wanda ake shafawa da tsumma katakon ya shanye. Ya ce wannan mai kanti ne ya cusa masa, shi bai ma yi niyyar ɗaukowa ba. Daga nan ya shiga bayani, kuma in za a yi masa adalci, bayanin ba na wauta ba ne. Ya ce shagon aski ba ɗakin tsohuwa ba ne. Ana wanke ƙasa da ruwa da sabulu safe da yamma, ana fesa sifirit, gashi yana tashi yana sauka a kan komai. Yara za su zo da danƙon alawa a yatsu, manya za su ɗora kofin shayi da makullin babur. Abin da zai zauna a irin wannan wuri dole fatarsa ta yi tauri, shi kuwa bai san abin da ya fi fentin mota tauri ba, tun da rana da ruwan sama duk a kansa suke ƙarewa.

Tsohuwar ta sa ya buɗe gwangwanin, ta kawo shi dab da idonta.

"Ja," ta ce. "Gobara za ka riƙa kashewa da shi?"

"Don a hango shi daga titi."

"Kakanka ya yi shekaru ana hango shi daga titi, bai taɓa shafa jan baki ba. In ka fesa wannan, ina hannun?"

"Yana nan mana. Ƙarƙashin fenti."

"Shi ma mai hannun yana nan, ƙarƙashin ƙasa. Na ce maka su biyun nake so a binne?"

Wannan magana ta kashe fentin mota, ko da yake mai aski bai yarda a fili ba. Cewa ya yi dama ya kawo shi ne don ya gwada ko har yanzu tana bambance ja da baƙi. Ya koma kan banish. Ya ce shi ba ya ɓoye komai, za ta ga hannun mijinta kamar hoto a bayan gilashi. Ta ce ita ba gani ta nema ba, ji ta nema. Ya ce lotsawa lotsawa ce, ko an zuba mata banish tafi zai faɗa ciki. Ita kuwa mace ce da ba ta musu a kan abin da ba ta gwada ba. Sai ta ce ya je bayan ɗaki, cikin tarin guntayen katakon da marigayi ya bari, ya ɗauko uku, ya shafa wa kowanne abu guda, ya bar mata su.

"Me za ki yi da su?"

"Abin da na yi da kakanka. Wanda ya jure ni zai jure shagonka."

"Allah sarki kakana. Ashe ba ciwo ne ya ɗauke shi ba."

"Ciwo ne. Daga ranar da ka koyi aski a kansa ya kwanta."

Da guntayen suka bushe ta ba su aiki. Ta riƙa sauke butar shayi mai zafi a kansu, ta bar su a ƙarƙashin famfo mai ɗiga, ta kankare su da makulli, ta tokare ƙofa da su. Sun kuma faɗo daga kan taga fiye da sau ɗaya, ta ce iska ce. Da ya dawo bayan kwanaki ya tarar da su a jere a kan kujera kamar masu jiran hukunci. Mai fenti ya ɓantare a kusurwa, farin katako ya leƙo. Mai banish ko gezau, in ban da wani siririn zane inda makulli ya bi. Wanda aka shafa wa man katako shi ya fi shan wuya, gindin buta ya bar masa zobe, ruwa ya dusar da rabinsa.

"To amarya, a faɗa da baki."

"Ka ci. Tun da aka haife ka wannan ne na farko, ka riƙe ranar."

Tana wannan magana hannunta yana aiki, domin ba ya iya zama haka nan. Ta tsoma tsumma a gwangwanin man tana murza guntun da ya sha kaye, har zoben ya dushe ya ɓace, katakon ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Jikan yana kallo, amma murnar nasara ba ta bar shi ya gani ba. Ita ma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba, ta tura guntun ƙarƙashin gado da ƙafa.

Gwajin nan abin yabo ne, kuma ya fi abin da mafi yawan mutane ke yi. Sai dai akwai giɓi guda a cikinsa wanda su biyun ba su lura da shi ba. Guntayen sun kwanta a bayan ɗaki shekara da shekaru babu hannun da ya taɓa su, akwatin kuwa ya zauna a cikin ɗaki tare da mutum. An gwada banish a kan katako, ba a gwada shi a kan wannan katakon ba, kuma tsakanin maganganun biyu akwai rata mai faɗi.

Mai aski ya janyo akwatin zuwa baranda, ya rufe gilashin da tsofaffin jaridu, ya bi jikin da samfefa mai laushi, takardar nan mai yashi da ake goge katako da ita. Tsohuwar tana zaune a kan kujera da sandarta a hannu, duk sanda ya kusanci kusurwar sai ta yi gyaran murya. Ya fara shafa banish ta gefen hagu, daga ƙasa. Ƙasan ya karɓa lafiya, ya kwanta luf. Da buroshin ya hau sama, zuwa daidai ƙugu, sai ruwan ya fara rarrabewa yana dunƙulewa ƙwaya-ƙwaya, kamar ruwa a kan faranti mai maiƙo. Ya ƙara bi, abin ya ƙara lalacewa. Ya ce haka banish mai kyau yake yi, zai baje da kansa. Ya wanke buroshi ya koma shago.

Washegari da hantsi ya tarar da ita a tsaye kusa da akwatin, bakin mayafinta a manne da katako.

"Zo ka ɓamɓare ni. Tarko ka ɗana mini don ka ga ba na kula ka?"

"Wa ya ce ki jingina?"

"Dafawa na zo yi, kamar kullum. Ka ce gilashi zai zama. Wannan gilashi ne ko danƙo?"

"Ko akwatin ma ya san za ki tafi, ya riƙe ki. Ni da na so a bar ki nan manne, unguwa ta huta."

Ya ja mayafin a hankali, zare ya yi saura a jikin katakon. Ya taɓa ƙasa ya ji ya bushe ƙamas, ya taɓa sama yatsansa ya kama. Da farko ya ce banish ɗin jabu ne. Ta tambaye shi ko daga gwangwani biyu ya shafa, ɗaya na ƙasa ɗaya na sama. Ya ce to sanyin gari ne. Ta ce ba ta san sanyi yana tsayawa a ƙugu ba. A nata ganin hannunsa ne, hannun da ya saba lalata kawunan mutane ba zai bar katako ba. Duka hujjojin uku babu mai tsayawa, kuma shi ne ya fara gane haka, sai ya durƙusa. Ya jiƙa farin tsumma da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, ya goge wurin da ƙarfi. Tsumman ya fito da wani maiƙo ruwan ɗorawa. Ya kai shi hanci. A ƙarƙashin warin tinar akwai wani ƙamshi mai yaji da sanyi, wanda ya sani tun yana rarrafe, domin shi ke cika ɗakin nan kowace safiya.

"Kaka," ya ce, kuma rabonsa da kiranta haka an jima. "Me kike shafa wa akwatin nan?"

"Ni? Ba na shafa masa komai."

"Man gwiwarki yake ƙamshi."

"To ai ɗakinmu ɗaya."

"Da gadon ma ɗakinku ɗaya, shi ba ya zufa da mai."

Ta gyara mayafinta, ta koma kan kujera, sannan ta ce ita ba ta ƙirga wannan a shafawa ba. In ta gama murza gwiwa da safe, abin da ya rage a tafinta ba ta goge shi a zani. Dama da kusurwar nan take miƙewa tsaye, to in ta dafa sai ta murza wurin, ta shafo gefen har inda hannunta ya kai. Haka take yi tun shekarar da aka shigo da shi. Ta ce lokacin da kafinta yake da rai ma haka ne, ragowar man da ta shafa a bayan hannunsa take gogewa kafin ya fita, domin hannun kafinta kullum a fashe yake. Da ya tafi, ragowar ba ta daina raguwa ba.

Jikan ya ɗan jima yana nannaɗe tsumman a yatsansa.

"Ashe shekara da shekaru jinyar akwati kike. Ya samu sauƙi?"

"Ka taɓa jin ya ce gwiwarsa na ciwo? Kai da ƙuruciyarka in ka tashi daga kujera ƙara kake kamar tsohuwar ƙofa."

Suka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin maganar da ke biye da ita mai nauyi ce, kuma mai aski bai ɓoye ta ba, ko da yake ɓoyewa ta fi masa amfani. Ya ce banish ba ya kama mai. Man nan kuwa ba a saman katakon yake ba, ya shiga ciki. In ana so ya kama, sai an bi wurin da samfefa mai kaushi har a iske busasshen katako, kuma inda man ya fi nutsewa shi ne tsakiyar gurbin. Kafin a iske busasshe a can, kusurwar ta zama shafe. Tsohuwar ta saurara har ya gama. Ta ce to magana ta ƙare, ya kira kawunsa. Ba da fushi ta faɗa ba. Ta ce ba ta ɗora masa laifi ba, amma ba za ta iya kwana a gidan uwarsa tana sanin cewa akwatin yana tsaye a wani wuri an share masa hannu ba. In kuwa an yi kantoci da katakon, kanta dai kanta ce, kowa ya san ba ta da hannu.

Mai aski bai ɗauko waya ba. Ya miƙe ya ɗora tafinsa a kusurwar, abin da bai taɓa yi da hankali ba duk da ya girma yana wasa a gabanta. Gurbin ya fi tafinsa faɗi, domin kakan ƙaton mutum ne. Amma a tsakiyarsa akwai wani ƙaramin wuri da ya fi ko'ina sheƙi da santsi, wanda bai kai faɗin hannun namiji ba. Ya zagaya gefen dama, wanda ya yi shekaru yana fuskantar bango, ya ga katakon ya bushe ya yi fari, da tsage-tsage sirara tun daga sama. Ya dawo hagu, ko tsaga ɗaya babu. Sai ya shiga ɗaki ya kwanta rub da ciki, ya zura hannu ƙarƙashin gado ya janyo guntun nan na uku.

"In beraye kake nema, su ma sun ce ba sa son askinka," in ji ta daga baranda.

Ya fito yana juya guntun a haske, yana neman zoben buta bai same shi ba.

A nan ya dace a tsaya a bambance, domin kalmar ƙarko abu biyu take ɗauke da su, kuma mutane suna cuɗa su. Akwai shafen da ke zama fata mai tauri a saman katako, ya hana komai shiga. Wannan ba ya buƙatar kowa bayan ranar da aka shafa shi, amma ranar da ya fashe ba ya karɓar faci, sai an kankare shi an sake. Akwai kuma wanda ke shiga jikin katakon. Shi yana jin rauni da sauƙi, yana kuma warkewa da sauƙi, matuƙar akwai hannun da zai riƙa komawa kansa. Ƙarkon na farko a cikin gwangwani ake sayo shi. Na biyu kuwa ba a kanti yake ba, a halin mai abin yake. Man da tsohuwar ta yi amfani da shi ba na katako ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce a yi koyi da ita a nan. Amma abin da ya riƙe gefen hagu ba kwalbar man gwiwar ba ce, komawar da take yi ce kowace safiya.

Mai aski bai faɗi haka da waɗannan kalmomi ba. Abin da ya ce shi ne zai wanke danƙon da tina, ya yi ta wankewa har tsumma ya daina fitowa da maiƙo. Ƙasa da baya da gefen dama, inda ruwan wanki da takalma ke kaiwa, zai ba su banish marar ƙyalli, shafi siriri a kan siriri. Dandamalin kuwa, da kusurwar, da duk inda hannunta ya kai, man katako zai shafa, tun da shi ba ya faɗa da ɗan abin da ya rage a ciki. Samfefa ba za ta je wurin ba. Sai dai wannan shafi ba mai ƙarewa ba ne, dole a riƙa maimaita shi.

"Wa zai riƙa maimaitawa?"

"Ni."

"Kai? Miƙo ƙafarka."

Bai miƙa ba, ta sa sanda ta zare masa silifa, ta sunkuya ta shafa dunduniyar.

"Da kakanka ya samu wannan da bai taɓa sayen samfefa ba. Mutumin da ya kasa shafa wa dunduniyarsa mai shi zai shafa wa katako?"

"Dunduniyata ba gadon kowa ba ce."

"Gado ce mana, ta ubanka ce sak. Na gaya wa uwarka tun ranar da ya fara cire takalmi a gidan nan."

"In na bari ya bushe, ki zo ki ɗauke abinki."

"Da wace gwiwar?"

"To ki aiko kawu da gudumarsa. Na yarda, ba zan ce uffan ba."

Wannan ne ya juya ta, ba bayanin banish da mai ba. Ta san jikanta, ta san alƙawuransa sukan tsufa kafin rana ta faɗi. Amma ba ta taɓa jin ya ɗora wa kansa hukunci tun kafin a tambaye shi ba. Ta ce ya fara yi ta gani.

Aikin ya ci kwanaki, domin kowane shafi sai ya bushe kafin a ɗora wani, kuma a wannan karon bai yi gaggawa ba. Yakan zo kafin ya buɗe shago, ya yi abin da zai yi, su zagi juna daidai gwargwado, ya tafi. Ranar da ya ce an gama, 'yan kwasar kayanta suna ta fitar da katifa da kwanuka. Ta taso da sanda ta iso kusurwar, ta ɗora tafinta. Ta daɗe a haka, har wani daga cikin masu kwasar kayan ya tsaya da akwatin tufafi a ka yana jiran ta matsa. Sannan ta yi dariya.

"Yana nan," ta ce. "Sai dai ba ya ƙamshin komai."

"Haka lafiyayyu suke."

"In na zo shagon zan ɗan taɓa masa kaɗan."

"In na ga kwalbar nan a shagona, sai na yi miki tal-kwabo a gaban mutane."

"Ka fara koyon askin tukuna."

Ta sa hannu a wuyanta ta ciro wani zare da ya yi baƙi don daɗewa, da ɗan makulli a jikinsa, na ƙaramar ƙofar nan ta ƙasa. Tun rasuwar kafinta ba wanda ya ga ta cire shi.

"Ungo. Ba don kai ba, don hancina ne. Ban so ya fita daga gidan nan hannu wofi."

Akwatin yana shagon aski har yau, a gefen madubi. Banish ɗin ƙasa ya riƙe amana, ruwan wanki bai ci shi ba. Sau ɗaya ƙafar kujera ta karce shi a gefen dama, dole aka kankare gefen duka aka sake, kamar yadda irinsa ya gada. Tsohuwar ta riƙa zuwa lokaci-lokaci muddin gwiwa ta bar ta, ta dafa kusurwar ta ce man ya yi kaɗan, ko da kuwa yana naso. Daga baya ta daina fita, sai tambaya take in ya je gaishe ta, har Allah ya karɓi abinsa. Kawu bai taɓa samun dalilin ɗauko gudumarsa ba.

Mai aski kuwa, wanda uwarsa ta shaide shi da cewa bai taɓa riƙe wata ɗabi'a ta wuce mako ba, yanzu ba ya jona kilifa da safe sai ya ɗauko tsumma ya bi kusurwar nan. In ya ga yaro ya fara jijjiga sandar don zafin an cinye shi, yakan bar kan da yake aski ya zo ya tsaya ta gefen hagu, ya dafa inda ake dafawa. Dunduniyarsa dai tana nan yadda ta bar ta.